Dattawan finafinan Kantonis: inda suka fito da inda suka ƙare

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Tun muna yara muke kallon finafinan Chanis. Kwanan nan na sake kallon Enter the Dragon, sai na ji an ce tsohon nan bos mai hannun ƙarfe ya yi finafinai ɗaruruwa kafin wannan, amma ban taɓa ganin ko ɗaya ba. Haka ma tsohon da ya koya wa Jackie Chan faɗan maye a Drunken Master. Su waye waɗannan dattawa, wane irin fim suka yi da ƙuruciya, kuma yaya rayuwarsu ta ƙare? Sannan mene ne fim ɗin Kantonis da nake ji ana faɗa?"

Wa alaikumus salam. Malam, tambayarka uku ce a dunƙule: su waye dattawan, me ya hana finafinansu na ƙuruciya isowa gare mu, kuma me ya same su da girma ya zo. Duka ukun abu ɗaya ne ke warware su. A Hong Kong an yi masana'antar fim biyu a gari ɗaya, kowace da harshenta, da jarumanta, da gidajen silimar da ke nuna kayanta. Ɗaya ta Mandarin, ɗaya ta Kantonis. Ta Kantonis ta durƙushe gaba ɗaya a 1972, kuma dattawan da kake tambaya a kansu ragowar mutanenta ne. Abin da muka gan su suna yi a finafinan faɗa na shekarun 1970 da 1980 sana'arsu ce ta biyu, wasu ma ta uku.

Kantonis harshen mutanen kudancin Sin ne, wato lardin Guangdong da Hong Kong da Macau, da kuma dubban 'yan ci-rani da suka bazu Singafo, Malesiya da unguwannin Sinawa na Amurka. Mandarin kuwa shi ne harshen hukuma, asalinsa daga arewa. Rubutunsu ɗaya ne amma a baka mai jin wannan ba ya jin wancan. Dukansu suna aiki da karin sauti, kamar yadda mu ma muke bambance fari na launi da fari na rashin ruwan sama, sai dai Mandarin kari huɗu gare shi, Kantonis kuma shida. Idan kana so ka gane shi da kunne, saurari ƙarshen gaɓa: Kantonis yana rufe gaɓa da p, t, k ko m, abin da Mandarin ba ya yi, kuma masu shi suna yawan jan "laa" ko "aa" a ƙarshen magana.

Fim mai magana na farko da Kantonis shi ne White Gold Dragon na 1933, wanda kamfanin Tianyi na 'yan'uwan gidan Shaw ya yi a Shanghai, da tauraron daɓe Sit Kok-sin a gaba. Ya yi kasuwa sosai a kudu da ƙasashen waje, har gwamnatin Sin ta lokacin, mai son kowa ya koma harshe ɗaya, ta yi shelar hana fim da harsunan yanki. Masu sana'ar suka yi ta kai gwauro suna kai mari har aka ɗage dokar, sannan yaƙin Japan na 1937 ya shafe zancen. Hong Kong tana hannun Ingila, dokar ba ta hau kanta ba, shi ya sa sana'ar ta tattara ta koma can. Aikin ya tsaya cik daga Disambar 1941 zuwa 1945 lokacin da Japan ta mamaye garin, bayan nan ya farfaɗo da ƙarfi.

Daɓe ne makarantarsu

Wanda bai fahimci wasan daɓe na waƙe-waƙe na Kantonis ba, wanda Turawa ke kira opera, ba zai gane yadda sana'ar waɗannan mutane ta ginu ba. Yaro yakan shiga hannun ubangida tun yana ƙarami, ya yi masa hidima, ya koyi waƙa, takun ƙafa, alkafura, riƙon mashi da takobi, da zanen fuska. A da ƙungiyoyin wasan a jajayen jiragen ruwa suke yawo, suna bin garuruwan bakin kogi. Daga shekarun 1930 kowace ƙungiya ta tsaya a kan ginshiƙai shida: babban jarumi mai iya waƙa da faɗa, babbar jaruma, mataimakin jarumi, mataimakiyar jaruma, ɗan barkwanci, da dattijon mayaƙi mai gemu. Wanda aka horar a gurbi ɗaya, a nan yake zama har tsufa.

Fim ya gaji wannan tsari. Mai fitowa a mugu shi ne mugu a kowane fim, mai fitowa a muguwar suruka ita ce muguwar suruka shekara ashirin. Wong Man-lei ta fara a jaruma mai sa kuka, daga baya ta zama surukar da kowa ke tsoro. Lee Heung-kam ta yi suna a gurbin makirar kishiyar fada har aka laƙaba mata sunan gurbin. Wannan yana da amfani ga furodusa, domin mai kallo na ganin sunayen da ke jikin fasta ya san irin labarin da zai tarar. Ga ɗan wasa kuma tabbacin aiki ne, amma ɗauri ne. A ganina wannan ɗaurin shi ne ya cece su daga baya, kamar yadda za ka gani.

Daga daɓe ne kuma al'adar mace ta fito a namiji ta samo asali. Kafin 1933 ba a yarda maza da mata su hau daɓe ɗaya a Hong Kong ba, don haka akwai ƙungiyoyin mata zalla, inda wasu ke ɗaukar gurbin maza. Yam Kim-fai, wadda ta rayu daga 1913 zuwa 1989, a irin wannan ƙungiya ta tashi, kuma ta yi finafinai kusan 300, akasari a matsayin saurayi ɗalibi mai ladabi. Abokiyar wasanta ita ce Pak Suet-sin, suka kafa ƙungiyar Sin Fung Ming a 1956, marubuci Tong Tik-sang yana tsara musu labari da waƙa har rasuwarsa a 1959. Fim ɗinsu na ƙarshe ya fito a 1968, bayan ya ci shekaru da kuɗi masu yawa, daga nan suka koma horar da ɗalibai.

Fim a kwana bakwai

A ƙarshen shekarun 1950 da farkon 1960 finafinan Kantonis sukan kai kusan 200 a shekara, a garin da mutanensa ba su wuce miliyan uku da 'yan kai ba. Mutanen sana'ar suna da laƙabin da suke yi wa irin wannan aiki, ma'anarsa "sabon kwana bakwai", wato fim ɗin da aka ɗauka a mako guda. Ba duka ne aka yi a kwana bakwai ba, amma laƙabin ya nuna yanayin.

Ga yadda kuɗin ke tafiya. Furodusa ba shi da jari mai yawa. Sai ya rubuta sunan fim, taƙaitaccen labari da sunayen taurari biyu ko uku, ya aika wa dillalan Singafo da Malaya masu gidajen silima. Su kuma su ba shi kafin alƙalami mai tsoka tun ba a kunna kyamara ba. Da wannan kuɗi zai kama hayar sutudiyo, ya sayi zaren fim baƙi da fari, ya biya taurari. Tunda dillali sunan tauraro ya saya, kaso mafi girma na kuɗin wurin tauraro yake tafiya, abin da ya rage na ɗaki, kaya da haske ɗan kaɗan ne. Shi ya sa za ka ga ɗaki biyu ko uku kacal a fim guda, kyamara a tsaye wuri ɗaya, fitowa mai tsawo ba yanka, ba a maimaita ɗauka sai dole. Labari kuma ba a ɓata lokaci a kansa: a ɗauko daga daɓe, ko daga labaran rediyo irin na Li Ngaw da jama'a suka riga suka haddace. Tauraro yakan yi fim biyu ko uku a rana ɗaya, ya fita daga wannan sutudiyo ya shiga wancan, ya yi barci a mota.

Abin da ya kamata ka riƙe a nan shi ne biyan ɗan wasa na kai-da-kai ne. An biya ka kuɗin fim, magana ta ƙare, ba ka da kaso a ribar da za ta biyo baya. Don haka adadin finafinai bai nuna arziki ba. Wanda ya sayi gida ko fili lokacin da yake tashe ya huta da tsufa, wanda bai saya ba sai ya ci gaba da neman aiki yana da shekara saba'in.

Ba kowa ne ya gamsu da wannan gaggawa ba. A 1949 ma'aikatan fim 164 suka sa hannu a wata takardar neman tsabtace sana'ar. A 1952 kuma wasu manyan 'yan wasa da daraktoci, irin su Ng Cho-fan, Pak Yin, Cheung Wood-yau, Lee Sun-fung, Lee Tit, Ng Wui da Chun Kim, suka haɗa hannun jari suka kafa kamfanin Union, suka yarda su rage kuɗin aikinsu domin a zuba a labari da ɗauka. Cikin abin da ya tunzura su har da halin wasu taurarin daɓe, masu zuwa wurin ɗauka a makare bayan sun gama wasan dare, su bar kowa yana jira. Union ya yi finafinai 44, akasarinsu a kan zaman haya, talauci da rikicin gida. A In the Face of Demolition na 1953, labarin masu haya a wani gida da ke shirin rushewa, Ng Cho-fan ya fito a direban tasi mai yawan faɗin "kowa domina, ni kuma domin kowa", maganar da ta zama karin magana a garin. A wannan fim akwai wani yaro ɗan shekara goma sha biyu ko sha uku, sunansa Bruce Lee. Mahaifinsa Lee Hoi-chuen ɗan barkwancin daɓe ne, kuma Bruce ya yi finafinan Kantonis kusan ashirin kafin ya tafi Amurka a 1959. Wato shi ma ɗan wannan gida ne.

Dattawan nan biyu

Bos mai hannun ƙarfe sunansa Shih Kien, an haife shi a 1913. Da aikin kwalliyar 'yan wasa ya fara, sannan ya shiga gaban kyamara a 1940. Abin da ya kafa shi shi ne jerin finafinan Wong Fei-hung, wani malamin faɗa kuma mai maganin gargajiya da ya rayu da gaske a Guangdong. Darakta Wu Pang ne ya fara jerin a 1949, da Kwan Tak-hing a gurbin malamin. Kwan ya hau wannan gurbi sama da sau 70, kuma a shekarar 1956 kaɗai an fitar da 25. A mafi yawansu Shih Kien ne mugun: ya ƙulla makirci, ya sha kashi, malam ya yi masa nasiha, wani lokaci ya tuba, a fim na gaba ya dawo da sabon suna da sabuwar mugunta. Har yau mutanen Hong Kong suna kiran makirin mutum da laƙabin da suka ba shi, mai ma'anar "Kien mugu", alhali abokan aikinsa sun shaide shi da sanyin hali.

Lokacin da aka yi Enter the Dragon a 1973 yana da shekara 60 a duniya da shekara talatin da uku a sana'a. Ba ya jin Turanci, bakinsa kawai yake motsawa da kalmomin, muryar da ka ji ta Keye Luke ce aka ɗora. Bayan nan ya shiga gidan talabijin na TVB, inda ya koma fitowa a dattijo mai hikima da kaka mai ban dariya, ya yi ritaya a farkon shekarun 1990, ya rasu a 2009 yana da shekara 96.

Tsohon mashayin kuwa Yuen Siu-tien ne, haifaffen 1912. Shi ɗan arewa ne, horonsa na daɓen Beijing ne, wanda ya fi na kudu ƙarfi a alkafura da faɗa. Ya gangaro kudu, ya shafe shekaru yana tsara faɗa da fitowa a ƙananan gurabe, har da jerin Wong Fei-hung ɗin nan. Suna bai zo masa ba sai a 1978, yana da shekara 65, lokacin da ɗansa Yuen Woo-ping ya zama darakta ya sa shi a Snake in the Eagle's Shadow da Drunken Master. A Janairun 1979 ya rasu, 'yan watanni kacal bayan fitowar fim ɗin da duniya ta san shi da shi. Ka lura kuma, sunan yaron da Jackie Chan ya fito a matsayinsa a Drunken Master Wong Fei-hung ne. Dariyar fim ɗin ga mutumin Hong Kong ita ce ganin malamin da Kwan Tak-hing ya sa suka saba girmamawa an mai da shi fitinannen saurayi. Mu da ba mu ga na farkon ba, wannan rabin dariyar ta wuce mu.

Jerin Wong Fei-hung shi ne makarantar masu tsara faɗa. Lau Cham, wanda ya koyi faɗa a hannun Lam Sai-wing, almajirin Wong Fei-hung na gaskiya, yana cikin 'yan wasan jerin, kuma ta nan ɗansa Lau Kar-leung ya shiga sana'ar kafin ya zama babban darakta a kamfanin fim na Shaw. Yuen Woo-ping kuwa shi ne ya tsara faɗan The Matrix a 1999.

Dalilin da ya sa ba ka ga waɗannan tsofaffin finafinai ba mai sauƙi ne. An yi su ne domin masu jin harshen, baƙi da fari, akasari ba fassara, kuma hanyarsu daga Hong Kong zuwa Singafo da unguwannin Sinawa na ƙetare take. Waɗanda suka iso silimominmu da kaset-kaset ɗinmu na bayan 1970 ne, masu kala, waɗanda aka ɗora wa muryar Turanci domin kasuwar duniya.

Yadda kasuwar ta rushe

Ruwa ba ya tsami banza. Abu na farko gasa ce. Masu fim na Shanghai da suka yi ƙaura zuwa Hong Kong wajajen 1949 sun zo da Mandarin da jari. Run Run Shaw ya gina katafaren sutudiyo a Clear Water Bay wanda ya fara aiki a 1961, da ɗakunan ɗauka, wurin wanke fim da gidajen kwanan 'yan wasa, yana fitar da fim mai kala a faffaɗan allo. Ya ɗan taɓa yin na Kantonis, ya rufe sashen a 1963. A 1967 One-Armed Swordsman na Shaw ya zama fim ɗin gida na farko da ya haura dalar Hong Kong miliyan ɗaya. Matashin da ya ga wannan ba zai koma ya biya kuɗi ya kalli ɗaki biyu baƙi da fari ba. Ga kuma kasuwar Taiwan, wadda Mandarin take so.

Na biyu, tsarin kafin alƙalami ya ci kansa. Furodusoshi suka yi ta karɓar kuɗi suna kawo kaya maras kyau, wasu ba sa kawowa ma, dillalan waje suka janye hannu. Kamfanin da ba shi da jarin kansa, ranar da aka daina ba shi kafin alƙalami ranar ya rufe.

Na uku talabijin. TVB ta fara watsa shiri kyauta ranar 19 ga Nuwamba 1967, da Kantonis, kuma ta cika lokutanta da tsofaffin finafinan da aka saya da araha. Matar gida da ma'aikaciyar masaƙa, waɗanda su ne ginshiƙin 'yan kallo, suka samu taurarinsu a ɗaki ba tare da tikiti ba. 'Yan wasan ba su samu ko sisi daga wannan maimaici ba. A 1970 an yi finafinan Kantonis 35, a 1971 guda ɗaya, a 1972 babu ko ɗaya. Hatta The Big Boss na Bruce Lee na 1971 da Mandarin aka fara fitar da shi.

Inda kowa ya nufa

Manyan jarumai, waɗanda kyau da ƙuruciya ne jarinsu, su suka fi saurin ɓacewa. Pak Yin ta bar fim a 1964, ta rasu a 1987. Ng Cho-fan ya bari a tsakiyar shekarun 1960, daga baya ya koma Kanada, can ya rasu a 1993. Connie Chan Po-chu, ɗalibar Yam Kim-fai kuma gwanar 'yan matan masana'antu, an fitar da finafinanta 32 a 1967 kaɗai, amma a farkon shekarun 1970 ta bar sana'ar, ba ta dawo ba sai a 1999, shi ma a daɓe. Takwararta Josephine Siao, wadda su biyun aka haifa a 1947 kuma masoyansu ba sa ga maciji da juna, ta ɗauki wata hanya: ta tafi jami'ar Seton Hall a Amurka, ta dawo ta sake gina kanta a barkwanci, ta fito a uwar Jet Li a Fong Sai-yuk na 1993, ta ci kambun gwarzuwar jaruma a bikin Berlin na 1995 da Summer Snow. Matsalar ji da ta taso da ita tun yarinta ta tsananta, ta janye daga fim, ta kafa gidauniyar kare yara daga cin zarafi a 1998.

Masu gurbin mugu, suruka, ɗan sanda da barkwanci kuwa, talabijin ta kwashe su kusan gaba ɗaya, domin wasan kwaikwayo mai dogon zango kullum yana buƙatar uba, kaka da makiri. Albashin wata-wata ne, bai kai kuɗin fim na da ba, amma yana zuwa. Leung Sing-por, sarkin barkwancin daɓe, ya zama jigon shirin dare na Enjoy Yourself Tonight da aka yi daga 1967 zuwa 1994. A wurin irin waɗannan dattawa ne 'yan ajin horarwa na TVB, wanda aka buɗe a 1971 kuma ya yaye su Chow Yun-fat da Stephen Chow, suka ga yadda ake aiki.

Daga talabijin ɗin nan harshen ya koma silima. Chor Yuen, ɗan Cheung Wood-yau na kamfanin Union, ya fara darakta a finafinan Kantonis, ya koma na Mandarin da kasuwa ta mutu, sannan a 1973 ya shawo kan Shaw aka yi The House of 72 Tenants da Kantonis, da taurarin talabijin cike da shi. Fim ɗin ya zo na ɗaya a kasuwar Hong Kong a shekarar, ya wuce Enter the Dragon. A 1974 Michael Hui ya biyo da Games Gamblers Play, kafin ƙarshen shekarun kuma Mandarin ne ya koma baya. Kai ma ka san fuskar Chor Yuen ko ba ka san sunansa ba: shi ne attajirin dillalin ƙwaya da Jackie Chan ke farauta a Police Story na 1985. Mutumin da ya ba da umarnin finafinai sama da ɗari ne a wannan kujera. Ya rasu a 2022.

Wasu girmamawar a makare ta zo musu. Helena Law Lan, wadda ta shafe shekaru a gurbin muguwar mace sannan tsohuwar boka a finafinan fatalwa, ta ci kambun gwarzuwar jaruma na Hong Kong a 2000 tana da shekara 65. Patrick Tse, jarumin kamfanin Kong Ngee tun shekarun 1950, ya ci na gwarzon jarumi a 2022 yana da shekara 85. Shi ne jarumin Story of a Discharged Prisoner na darakta Lung Kong a 1967, fim ɗin da John Woo ya gina A Better Tomorrow a kansa a 1986, har sunansu na Sinanci ɗaya ne. Kenneth Tsang, wanda ya karanta zanen gine-gine a Amurka kafin ya rungumi fim, ya kai har fim ɗin James Bond na 2002, ya rasu a 2022 a otal ɗin killace matafiya lokacin korona. Cho Tat-wah, babban almajirin malam a jerin Wong Fei-hung kuma sufeton 'yan sandan da ba a rasa shi a fim, ya taɓa mallakar sutudiyo, caca ta cinye, ya ci gaba da aiki har tsufa, ya rasu a Landan a 2007. A 2003 an karrama shi tare da Shih Kien a bikin lambobin fim na Hong Kong. Kwan Tak-hing kuwa gurbinsa ya zame masa rayuwa: ya buɗe shagon magani da sunan shagon Wong Fei-hung, ya duƙufa ga aikin agaji, ya rasu a 1996.

Idan za ka bi sawunsu

Ƙa'idar da nake bi ita ce kada a nemi ɗan wasa da suna ɗaya. Rubutun boko na sunayensu bai daidaita ba, wani da lafazin Kantonis, wani da na Mandarin, wani da sunan Turanci. Shih Kien shi ne Sek Kin da Shek Kin. Cho Tat-wah shi ne Tso Tat-wah da Walter Tso. Chor Yuen shi ne Chu Yuan. Yuen Siu-tien shi ne Simon Yuen. Mafita ita ce ka samo sunan da haruffan Sinanci sau ɗaya, ka kwafa, ka riƙa nema da shi. Haka sunan fim: na Turanci yakan canza daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka haɗa shi da shekara da sunan darakta. Kula kuma da sunayen daɓe. Wanda sunansa ya fara da "Sun", ma'ana sabo, ya ari sunan wani gwani ne da ya gabace shi, kamar Sun Ma Sze-tsang da Ma Sze-tsang, mutum biyu daban.

Adadin finafinai kuma ka ɗauke shi da hannu biyu. Idan ka ga an ce wane ya yi 300, wani wuri 500, sau da yawa bambancin daga ƙirga ne: wani yana haɗa fim mai kashi biyu a ɗaya, wani yana sa na talabijin, wani daga tallan jarida ya ƙirga finafinan da ba su wanzu yanzu. Shekarun haihuwa ma sukan saɓa da ɗaya ko biyu saboda ƙidayar gargajiya ta Sinawa da takardun da aka yi bayan hijira. Tarihin da aka adana na masu suna ne. Ɗaruruwan 'yan alkafura da masu faɗa a madadin jarumi, waɗanda ake biya kullum-kullum, ko sunansu ba a rubuta a farkon fim ba.

Finafinan da yawa sun salwanta. Zaren da aka yi amfani da shi kafin farkon shekarun 1950 mai kamawa da wuta ne, wanda ya gaje shi kuma zafi da danshi na sa shi warin tsami, ya kanannaɗe, ya lalace, ga kamfanonin da suka rufe ba wanda ya gaji ma'ajiyarsu. Cibiyar adana finafinai ta Hong Kong, wadda ta buɗe gininta a Sai Wan Ho a 2001, ita ke tattara ragowar tana gyarawa, tare da naɗar hira da tsofaffin ma'aikata. Wani abin mamaki, a ƙetare aka fi tsintar na kafin yaƙi, domin kwafin da aka aika unguwannin Sinawa ba ya dawowa: a 2012 mai tsohuwar silimar Palace ta San Francisco, Jack Lee Fong, ya ba cibiyar tarin finafinan shekarun 1930 da 1940 da aka ɗauka sun ɓace.

Idan kallo kake so ka fara, kada ka fara da na waƙe-waƙen daɓe, domin ba tare da jin harshe ba za su gundure ka. Fara da Story of a Discharged Prisoner, inda za ka ga Shih Kien a bos mai ido ɗaya shekara shida kafin ya haɗu da Bruce Lee a Enter the Dragon, sannan In the Face of Demolition. Kwan Tak-hing kuwa ya fi sauƙin samu a The Magnificent Butcher na 1979 da Dreadnaught na 1981, masu kala da fassara, inda ya dawo gurbin Wong Fei-hung yana da shekara saba'in da 'yan kai, a ƙarƙashin umarnin Yuen Woo-ping.